Wuta a Wuyan Duna

A Sarandosa ba a cika sayen kare da kuɗi ba. Karyar wani ta haihu, yara su kai labari, mai so ya je ya zaɓi kwikwiyo, in ya girmama mai karyar ya kai masa goro. Daga nan kuma ba wanda ke zama ya yi lissafin abin da kare zai ci. Ƙanzo ne, da ragowar tuwon jiya, da dusa in an dama wa awaki an rage. Ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarma, ba ya kusantar buta. Amma in dare ya raba aka ji motsi a bayan danga, kowa kunnensa yana wurinsa. Haka muka taso muka ga ana zama da kare: ana ƙyamarsa da rana, ana dogara da shi da dare.

Namu sunansa Duna, don baƙi ne wuluk in ban da ɗan fari a ƙirji. Aikinsa albasa. Duk wanda ya san ƙasar Aliero da Maiyama da Jega ya san albasa a wurinmu ta wuce kayan miya, ita ce asusun gida. Ana dasa ta bayan an kawar da amfanin damina, a yi ta ban ruwa cikin hunturu, a cire ta in zafi ya kama. Mai hali ba ya sayarwa a lokacin da kasuwa ta cika ta batse. Sai ya zuba ta a rudu, wato 'yar rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira watannin da buhu zai yi daraja. A tsakanin nan wata za ta ruɓe, wata ta tsiro, wata kuma ta yi ƙafa cikin dare. Ruɓa da tsiro sai haƙuri. Mai ƙafar ce aka ajiye Duna dominta, kuma tun da ya girma ba a sake ɗaukar mana ko kwando ɗaya ba.

Sai ga shi cikin hunturun da ya wuce ya kashe ɗan akuyar maƙwabta. Baba ya je ya ba da haƙuri, ya biya. Ba a yi wata guda ba ya sake kama wani, wannan kuwa na wata tsohuwa ce da ba ta da abin da ya wuce awakinta huɗu. Bai ci ba, karya masa wuya ya yi ya bar shi a bakin fadama. Magana ta kai gaban mai unguwa. Ba a yi hayaniya ba, domin gari ɗaya ne, masallaci ɗaya, kuma kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Amma an faɗa wa Baba abin da ya kamata ya ji: "Malam, karen nan ko ka ɗaure shi, ko ka rabu da shi. In ya ƙara, ba mu da bakin hana wani ya yi abin da zai yi."

Kowa ya san abin da wani zai yi. Za a wayi gari a tarar da kare a miƙe da kumfa a baki, an jefa masa nama da maganin ɓera. Rabuwa da shi kuma tana nufin a miƙa shi ga masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen karnuka, waɗanda ke loda su a keji zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Jihar Filato. Ɗaurewa dare da rana ita ce ta fi kama da sauƙi, sai dai kare a sarƙa ba ya zagaya rudu, kuma wanda ya daɗe a turke ya fi saurin cizo.

A nan ne maganar ta iso gare mu, mu da muka bar gida muna zaune a Abuja muna sana'ar rubuta manhaja. Mun yi digirinmu na kimiyyar kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ana iya cewa da kuɗin albasa muka yi karatun. Tun daga lokacin, duk abin da ya gagara a gida sai a bugo waya a ce, "Ku da kuka san na'ura, babu wata dabara?" Famfon sola ta haka ya zo, haka ma fitilar zaure. Karen bana, in ji Hausawa, shi ke maganin zomon bana. Autanmu ne ya turo hoton abin da ya gani a wayarsa: abin wuya na kare mai jan wuta, da rimot. Ya rubuta a ƙasa, "Yaya, wannan fa?"

Mun ɗauki tambayar da muhimmanci, don ran dabba da zaman lafiyar unguwa ne a kai.

Ga yadda abin yake. Ɗamara ce ta roba da ake ɗaura wa kare a wuya, da ɗan akwati mai batir a jikinta. Daga akwatin ƙarafa biyu gajeru suke fitowa, su ratsa gashi su taɓa fata. Mai kare yana riƙe da rimot mai aika saƙo ta iska irin na rediyo. Yawancinsu maɓalli uku gare su: na ƙara, na girgiza irin ta waya, da na jan wuta, wanda ake ƙara masa ƙarfi ko a rage da lambobi. Mafarautan Amurka ne suka fara amfani da irinsa sosai wajen ƙarshen shekarun 1960, don su iya tsawatar wa karen da ya yi nisa a daji. Kamfanin Tri-Tronics na jihar Arizona yana cikin na farko, kuma Garmin ya saye shi a 2011. Yau akwai masu suna irin su Dogtra da SportDOG, akwai kuma tarin marasa suna da suka cika kasuwannin intanet, hoto ɗaya, suna goma. Mai arha bai kai kuɗin ɗan akuyar da Duna ya kashe ba. Mai tsada, wanda ke nuna inda kare yake a taswira, yana neman kamo kuɗin babur.

Iri biyu muka soke nan take. Akwai wanda ke jan kare da kansa duk lokacin da ya yi haushi. Wannan dariya ya ba mu, don haushin ne muke ciyar da Duna dominsa. Akwai kuma na shinge, wanda ake binne waya a kewaye gida, kare ya matso ta ja shi. Ko da an samu wutar da za ta riƙe shi, kuma wayar ta kwana a ƙasa ba a tone ta ba, shingen kare yake tsarewa, ba ya hana akuya shigowa. Saura mai rimot.

Wani abokin aikinmu yana da irinsa, ya saya wa karen Turawan da yake kiwo. Muka roƙe shi ya zo da shi ofis, muka ɗaura a hannunmu. A lamba ta ƙasa kamar tafiyar kiyashi. Da aka hau sama kaɗan, sai ya zama irin jan da ƙofar mota ke yi wa mutum cikin hunturu. Kafin a kai rabin lambobin hannu ya fizge da kansa, ba da shawararmu ba. Sai muka jiƙa fatar da ruwa muka koma lambar da a da ba ta dame mu ba, muka ji ta ƙara kaifi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi darasin lantarki, jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya ba wa wuta hanya. Amma ma'anarsa ga Duna ita ce, lamba ɗaya ba zafi ɗaya ba ce. Karen da ya kwana a busasshen yashi da wanda ya fito daga kwalbatin ban ruwa ba abu ɗaya za su ji ba. Haka in ɗamarar ta yi sako-sako, ƙarafan su taɓa fata yanzu, anjima su ƙi taɓawa, mai rimot ya ga kare bai motsa ba ya ƙara lamba, sai kuma su taɓa. Kuma babu ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. Ashirin ɗin wannan tana iya zama sittin ɗin wancan.

Akwai ƙananan abubuwa da mai talla ba ya sa su a hoto. Masu ƙera na kirki da kansu suna gargaɗi kada a bar shi a wuyan kare fiye da awa goma sha biyu a rana, don ƙarafan suna danne fata har su yi gyambo, ko ba a taɓa danna wuta ba. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙura, ga kaska, ga ƙuda, gyambon wuya ba ƙaramin abu ba ne. Nisan da ake rubutawa a kwali kuma na fili ne fetal, ba na inda katangar laka da itatuwan mangwaro suka shiga tsakani ba. Sai caji. Akwati yana so, rimot yana so, a gidan da ake layin waya a kan sola ɗaya. Kare kuwa ba wawa ba ne. Da yawa suna gane cewa wutar tana tare da ɗamarar, ranar da aka cire ta don caji ranar ce ta sallah.

Duk waɗannan ana iya yi musu dabara. Tambayar da ta fi su nauyi ita ce ko abin yana aiki, kuma me yake bari a zuciyar kare. A nan mun zauna mun yi karatu irin na mai shirin jarrabawa.

Binciken da ya fi tsaya mana a rai an yi shi ne a jami'ar likitancin dabbobi ta Hanoba a Jamus, aka buga a 2007. Karnuka 14 aka raba gida uku. Na farko ana jan su da wuta daidai lokacin da suka taɓa abin farauta, wani zomon roba. Na biyu ana jan su in an kira su suka ƙi zuwa. Na uku kuwa ana jan su haka kawai, ba tare da wani dalili da za su iya ganewa ba. Sai aka auna sinadarin damuwa a yawunsu. Na farko, waɗanda suka gane cewa taɓa zomo ne ke kawo zafi kuma suna iya kauce masa, damuwarsu ba ta tashi sosai ba. Na biyu ta tashi. Na uku ta fi ta kowa tashi. Wuta iri ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne ko kare ya san daga ina take zuwa.

A Ingila, Jami'ar Linkon ta gwada karnuka 63 masu matsalar ƙin amsa kira da bin dabbobi, wato masu irin halin Duna. An raba su uku: wasu da abin wuyan a hannun ƙwararrun da masu ƙera shi suka amince da su, wasu a hannun waɗannan ƙwararrun ba tare da shi ba, wasu kuma a hannun masu horarwa da lada, wato abinci da yabo. Sakamakon da aka buga a 2014 bai nuna wutar ta fi ba, kuma da aka sake nazarin bidiyon a 2020 sai aka ga 'yan lada sun fi amsa kira tun a karon farko, sun kuma fi saurin amsawa. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta na'urar tun 2010, Jamus ma ta hana, kuma a 2020 babban kantin kayan dabbobi na Petco a Amurka ya daina sayar da mai rimot.

Da a nan labarin ya tsaya da mun huta. Amma a 2024 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona sun gwada hana karnuka bin wani abu mai gudu, suka ga waɗanda aka yi wa da wuta sun daina cikin zama biyu, waɗanda aka yi wa da abinci kuwa ba su daina ba a 'yan kwanakin da aka ba su. A Niyuzilan hukumar kare namun daji tana amfani da irin wannan abin wuya don koya wa karnuka gudun tsuntsun kiwi, wanda karnuka ke neman ƙararwa. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce abin ba ya aiki. Yana aiki, musamman a kan bin abu da gudu, wanda shi ne ciwonmu. Sai dai duk inda muka ga ya yi aiki, abu ɗaya muke tararwa: rimot yana hannun gwani, idonsa a kan kare, yatsansa yana sauka cikin ƙiftawar ido, a filin da aka shirya don haka.

To a Sarandosa rimot zai kasance a hannun wa?

Baba yana gona ko masallaci ko kasuwar Jega. Mu muna Abuja. Auta ne zai riƙe, yaro ɗan shekara goma sha biyar mai son karen da gaske, amma yana da makaranta da safe, allo da yamma, ga ban ruwa. In ya ajiye a kan taga, akwai jikokin gida shida waɗanda duk abin da ke da maɓalli a wurinsu abin wasa ne. A sana'armu kafin a saki manhaja ana tambaya: wa ke da izinin taɓa wannan, kuma me zai faru in wanda bai kamata ba ya taɓa? Rimot ba ya tambayar lambar sirri. Yaro ya danna ya ga kare ya yi tsalle ya yi kuka, zai kira 'yan'uwansa su zo su gani. Duna ya koma rukuni na uku na karnukan Hanoba ke nan, a cikin gidan da ya sani.

Ko a hannun Auta ma, mu ƙaddara yadda za ta kasance. Yana tsakiyar kwamin albasa, ya ji kukan akuya a bayan danga. Ba ya ganin kare. Kafin ya ajiye fartanya, ya goge hannu, ya laluba aljihu, daƙiƙa biyar ko goma sun wuce. Wataƙila Duna yana kan akuyar. Wataƙila kuma ya ji kiran da Auta ya ƙwala, ya juyo, yana kan hanyar dawowa. Wutar ta same shi yana dawowa, me ya koya? Cewa amsa kira yana da zafi. Mafi muni, kare yana ɗaura zafi a kan abin da idonsa ke kai a lokacin. In yarinyar da ke kora awakin ce a gabansa, to ita ce ta ja shi. Karen da ke tsoron yara ya fi karen da ke kashe awaki haɗari nesa ba kusa ba, don kuɗin akuya ana biya.

Akwai irin saƙon da kowane mai rubuta manhaja ya tsana: ka gudanar da aiki, kwamfuta ta ce "an samu kuskure", ta yi shiru. Ba ta ce a wane layi ba, ba ta ce me take so ba. Mutum sai ya yi ta canje-canje cikin duhu, in ya gaji ya daina taɓa komai. Jan wuta irin wannan saƙon ne. "A'a" kawai ya iya faɗa. Tun 1967 Martin Seligman da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbeniya suka nuna cewa karen da aka yi ta ja da wuta ba tare da mafita ba yakan kai inda ko an buɗe masa hanyar tsira ba ya tashi, sai ya kwanta yana kuka. Daga nesa irin wannan karen yana kama da mai ladabi. Ba zai tashi ya tari ɓarawo ba.

Da muka je gida muka kai wa Kawu maganar. Ƙanen Inna ne, ya yi shekaru yana farauta da karnuka, har yanzu in rani ya yi aka busa ƙaho ba ya iya zama. Muka nuna masa bidiyon tallar a waya. Ya kalla har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce:

"To, ɗiyana, wanga abu shi ka hwaɗa ma kare abin da za ya yi?"

Muka ce, "A'a, Kawu. Hana shi kawai yake yi."

"Ashe sanda ta, mai dogon hannu. Sanda kau muna da ita tun kakanni, ba mu ga ta koya ma kare zuwa ba."

Sai ya juya kan Auta, ya tambaye shi abin da suke yi in awaki sun shiga albasa. Auta ya ce ai Duna suke tura musu. Ya ce in ya kore su fa? Auta ya ce suna yi masa kirari. Kawu ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Kun ce mai shi kori awaki, ya kora, kun yi mai kirari. Yau ya kora ya kama, kun ce ya yi laihi. Shi ina yas san iyakar gonakku?"

Wannan ita ce matsalar tun daga tushe, kuma mun san irinta a wurin aiki: mai ba da aiki bai fayyace abin da yake so ba. Abin da gidanmu ke nema daga Duna shi ne ya kori akuya in tana cikin albasa, ya tsaya a bakin gona, kada ya sa mata haƙori, in kuma ya gan ta a hanya ya ƙyale ta. Sharaɗi huɗu ke nan, kuma maɓallin da ya iya "a'a" kawai ba zai iya faɗinsu ba. In aka ja shi a kan akuya da kyau, irin na gwanaye, abin da za a samu shi ne kare mai gudun akuya gaba ɗaya.

Ba za mu mai da mafarautanmu waliyyai ba. Mun ga karen farauta da aka hana abinci kwana biyu don ya yi zafin nama, mun ga wanda aka yanke wa kunne da aska, mun ga wanda aka jefa da gora ya rame yana ɗingishi. Amma abin da Kawu ya iya, ya iya. Karensa yana tsakiyar bin zomo ya yi fito, ya juyo. Da muka tambaye shi sirrin, bai ambaci layu ba, ko da yake yana da su. Cewa ya yi hannu ɗaya ke ba kare abinci, kuma ba a taɓa kiran kare don a doke shi. "Kare na bin cikinai, kuma shina bin muryad da yas saba jin daɗi gare ta." Ya ƙara da karin maganar da kowa ya sani, cewa ba a kiwon kare ranar farauta.

Baba, wanda ke saurare daga kan buzunsa, ya sa baki da abin da ya karanta a zaure. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, kuma da malaman fiƙihu suka zo bayanin mai horo, alamun da suka kawo sun haɗa da cewa in an aike shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. A mazhabar Malikiyya da muke bi ma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake al'adarmu ta fi littafin tsanani a nan. Ya ce wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, labarinsa ba ɓoyayye ba ne, don haka shi bai ga yadda zai tsaya gaban Allah da hujjar ƙona wuyan dabba a kan abin da ba a koya mata ba. In an koya mata ta ƙi, wannan wata magana ce.

Ba mu sayi abin wuyan ba. A kasuwar Jega muka sayi igiyar nailan mai tsawon mita 15, da usur irin na alƙalin ƙwallo, da mudun ƙananan busasshen kifi. Aka yi doka a gida: Auta kaɗai ke ba Duna abinci, kuma ba wanda zai sake tura shi kan akuya, korar awaki ta koma hannun yara da kara. Da rana, lokacin da awaki ke yawo, yana ɗaure a inuwar dalbejiya da kaskon ruwa. Da magariba, in an turke awakin unguwa, a sake shi ya kama aikinsa. Wannan kaɗai ya rage fiye da rabin fargabar, don duka kamun biyu da rana aka yi su.

Horon kuma minti goma ne da safe, goma da yamma. Makon farko a bayan gida, ba akuya ba kaza: a busa usur, ya zo, a ba shi kifi. Ba a busa don a ɗaure shi, in lokacin ɗauri ya yi sai a je a kamo shi da hannu. Daga baya aka koma fili da doguwar igiya, aka turke akuyarmu can nesa inda zai gan ta amma ba ta ɗauke masa hankali ba. Ya kalle ta, a busa, ya juyo, kifi. In ya ƙi juyowa ba duka, igiya ce ke hana shi isa, sai a ƙara nisa a sake. Kowane 'yan kwanaki a matso da taku kaɗan. Aiki ne mai gundura, Auta ya yi ƙorafi ba sau ɗaya ba, kuma kuɗin data da muke tura masa ya zama ladan nasa horon.

Ragowar kuɗin ya tafi inda tun farko babu wanda ya yi maganarsa. Duna bai taɓa yin allurar haukan kare ba, kamar yawancin karnukan garin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. In kuwa aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, yaɗuwarta tana karyewa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar a nan gida. Muka ɗauko ma'aikacin dabbobi a babur, ya yi wa Duna da karnukan Kawu uku. Ya bar wa matan gida saƙo biyu: in kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan a nufi asibiti ranar, ba wurin mai tofi ba; kuma a rage zuba wa kare ragowar miya mai albasa da yawa, don albasa tana lalata jinin kare. Inna ta riƙe baki. Shekara uku yana gadin abin da ke iya kwantar da shi.

An cire albasa, ta shiga rudu. A mako na bakwai Auta ya turo saƙon murya yana haki: akuyar maƙwabta ta tsinke ta ratsa ta gabansu, Duna ya zabura, ya busa sau ɗaya bai tsaya ba, ya busa na biyu ya ja birki ya dawo. Bayan kwana tara kuma aka sake yin irinta, wannan karon bai juyo ba sai da igiya ta ƙare. Saboda haka igiyar tana nan, ɗaurin rana ma yana nan, kuma ba mu ce wa mai unguwa an gama ba. Tsohuwar da aka kashe wa ɗan akuya ta karɓi kuɗinta, amma har yanzu in za ta wuce ƙofar gidanmu sai ta tsallaka ɗaya gefen hanya.

Mun yi shawara da Baba a kan abin da za a yi in ya sake kamawa. Abin wuyan bai fita daga lissafi ba, amma da sharaɗi: mai suna ne ba na hoto ɗaya suna goma ba, a fara da ƙara da girgiza, kuma rimot ba zai kwana a gidanmu ba, a aljihun Kawu zai zauna, shi kaɗai zai danna, a filin da aka shirya da akuya a turke. Kawu ya ce shi ba ya bukatarsa. In mun gaji, a kai masa karen kawai. Ya ga yadda yake miƙe jiki in yana gudu, kuma tun da babbar karyarsa ta tsufa ba shi da mai kamo zomo a fili.